Bindigar da Ba a Yabawa

A garinmu, can gindin duwatsun bayan Nizwa a ƙasar Oman, in ka ji tsofaffi biyu sun zauna suna kushe bindigar juna, to zumunci ake yi. Wanda ya yaba abin da ke rataye a zauren wani, mai gida ba shi da mafita, sai ya tashi ya sauke ya miƙa masa, ko da ba ya so. Shi ya sa masu tara tsofaffin bindigogi suke koyon kushe tun suna samari. Duk cikinsu kuwa babu mai kaifin baki kamar Sulayyim ɗan Ubaidu.

Zauren Sulayyim ba ka ganin bango, sai ƙarfe da katako. Ga Abu Fatila, doguwar nan ta kakanni da ake kunna wa lagwani. Ga su Kanad na sojan Ingila, ga 'yan ƙanana na harbin kurciya da ko shi ya manta inda ya samo su. Duk Juma'a yana kasuwar Nizwa tun kafin a fara zagayawa da awakin sayarwa, yana leƙa bakin bindiga da ido ɗaya, yana shinshina ƙota kamar mai sayen kifi. Matarsa Zuwaina takan ce da za a auna man da ya shafa wa ƙarafan nan da wanda ya taɓa saya mata na gashi, da tuni suna gaban alƙali.

Amma a tsakiyar bangon, daidai inda idon baƙo ke fara sauka, akwai ƙusoshi biyu da ba a rataya musu komai ba. Wurin Sam'a ne, bindigar ubansa mai cin harsashi ɗaya, mai zobban azurfa tun daga baki har ƙota. Da ita Ubaidu yake hawa dutse farautar akuyar daji. Wata sallah, mahaifin Marhun, maƙwabcinsu, ya dawo daga Zanzibar bayan ya daɗe har ya manta yadda ake magana a gida, ya ganta a kafaɗar Ubaidu, ya ce, "Kai, wannan bindiga da kyau take." Ubaidu ya sauke ta ya miƙa masa a gaban jama'a. An ce ya koma gida ya kwanta yana kallon bango, ko shinkafar sallah bai taɓa ba.

Iyayen duk sun rasu, Sam'a ta zauna a bangon Marhun. Marhun ba zai mayar ba, don mayar da kyauta kamar cewa ne marigayi Ubaidu ya ba da ita yana ƙyashi. Ba zai sayar ba, don ba a sayar da kyauta. Hanya ɗaya ta rage, Sulayyim ya buɗe baki ya yaba. To amma yabon da aka yi da gangan roƙo ne, kuma ɗan Ubaidu ya gwammace ya haɗiye garwashi da a ce ya yi roƙo. Sai ya riƙa sayen wasu. Kowace ya kawo gida sai ya ɗaga ta wajen ƙusoshin nan, ya tsaya, ya girgiza kai, ya nema mata wani gurbi. Da la'asar kuma ya tafi gidan Marhun shan gahawa, ya zauna ya fuskanci Sam'a, ya zage ta tas. A haka gemunsu ya yi fari.

Wata safiya Zuwaina ta dawo daga wanki a bakin magudanar ruwa, ta dire kwano da ƙarfi don ya san akwai magana.

"Baban yara, ka gama shafa wa 'yan matan naka mai?"

"Faɗi abin da kika kwaso."

"Ni ba na kwaso magana. Matar Marhun ce ta tare ni. Ƙafafun mijinta sun kumbura, yaransa sun ce sun gaji da gadin ƙarafa, za a sayar da su duka. Yau bayan azahar Darwish zai zo."

Sulayyim ya ajiye tsumman hannunsa. Darwish dillali ne daga Maskat, mai sayen tsofaffin bindigogi yana kai wa masu otal su ƙawata bango. Amma ba cinikinsa ya sa aka san shi ba. Abin da aka ƙi sayar masa, sai ya tsaya a gabansa ya yaba, ya dafe baki kamar suɓutar harshe ce. Da haka ya raba wani tsoho a garin Bahla da wuƙar ɗamarar kakansa.

"Marhun ba zai sayar da Sam'a ba," in ji Sulayyim.

"Wa ya ce saye? Shi mutumin bakinsa ciwo yake yi?" Ta zauna tana murza gwiwa. "Kalma ɗaya ce fa. Ni na gaji da share ƙurar ƙusoshi. Ka je ka faɗa, ko ka zare su in rataya tsintsiya."

Sulayyim ya sunkuyar da kai. Ya daɗe yana kallon yatsunsa da suka yi baƙi da mai. Da aka yi azahar ya ɗaura rawani, ya ɗauki sanda, ya bi ta ƙarƙashin dabinai a hankali, yana hutawa a kowace kwana. Hanyar da yake bi kullum ce, amma ranar sai ta yi masa tsawo.

Ya tarar da Marhun kishingiɗe a kan matasai, ƙafafu kamar turame, an shimfiɗa bindigoginsa a kan darduma kamar kifin da aka shanya. Sam'a kaɗai ta rage a bango.

"Ɗan Ubaidu, ka zo duba gawa ko shan gahawa?"

"Na zo in ga ko ka cika, in gaji tabarmar."

"Zauna. Ɗan birni bai iso ba tukuna."

Aka zuba gahawa, aka turo dabino da alewa. Sulayyim ya sha, ya girgiza ƙoƙon alamar ya ƙoshi, ya gyara murya. Tun daga gida yake jera maganar a ransa, yana ta maimaitawa. Ya ɗaga ido ya dubi bango.

"Marhun, wannan Sam'ar taka…"

"Ina jinka." Marhun ya ɗan ɗago daga matashi.

"…har yanzu kunamarta na kuka kamar ƙofar turke?"

Shi kansa bai san lokacin da ta fito ba. Harshe ya bi hanyar da ya saba, kamar jakin da ya san gida. Marhun ya koma ya kwanta, ya rufe ido.

"Tana yi," ya ce. "Kamar mai tambayar."

Sai ga ƙarar mota. Darwish ya shigo da farar jallabiya mai guga, ƙamshin turarensa ya riga shi sallama. Ya sumbaci kan Marhun, ya tambayi labari, aka ce babu sai alheri, ya sha gahawa kamar ba abin da ya kawo shi. Sannan ya durƙusa kan darduma ya fara aiki. Shi ma ya iya kushe in saye zai yi.

"Baffa, wannan Kanad ɗin an canza mata ƙota. Wannan tsatsa ta cinye cikinta. Wannan kuwa, Allah ya jiƙan maƙerinta, bai yi mata adalci ba."

"Ɗauki ko bari, ɗana," in ji Marhun, ido a rufe. "Ba ni da ƙarfin musu."

Sulayyim yana lura da shi. Hannun dillalin na kan darduma, amma idonsa yana satar bango. Da ya gama sai ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya goya hannu a baya, ya taka a hankali kamar mai miƙe ƙafa kawai, har ya tsaya a gaban Sam'a.

"Waccan ba ta sayarwa ba ce," Marhun ya ce. "Kyauta ce."

"Haba Baffa, wa ya yi zancen saye? Kallo kawai nake yi." Ya karkata kai, ya ja numfashi. "Ni dai tun da nake yawo a ƙasar nan, ban taɓa…"

"Marhun, bindigar nan tana da kyau."

Ba da ƙarfi Sulayyim ya faɗa ba. Muryar ta fito a dishe, kamar ta wanda ya tashi daga zazzaɓi. Darwish ya juyo, bakinsa a buɗe da sauran maganarsa a ciki.

Da Sulayyim ya ga an riga an yi ɓarin, sai ya ƙarasa. "Tana da kyau. Zobban nan aikin Nizwa ne na da, ba a yin irinsu yanzu. Ba ta taɓa ƙin tashi ba. Tsagewar nan ta ƙota, faɗuwa babana ya yi da ita a kan dutse, ya ɗaure da wayar azurfa da hannunsa, ka ga ko ɗaurin bai yi daidai ba. Kunamarta ba ta kuka. Ban taɓa ganin wadda ta kai ta ba, kuma na duba, Allah ya sani na duba."

Marhun ya buɗe ido. Bai yi murmushi ba.

"Taka ce. Sauke da kanka, ƙafata ba ta ɗaukata."

"Ai ni ma abin da zan ce ke nan," Darwish ya ce, yana 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Ka makara, ɗana. Ga dabino nan, yaba shi in sa a cika maka buhu."

Sulayyim ya sauke Sam'a, ya rataya a kafaɗa, ya fita ba tare da ya dubi kowa ba. Ta fi yadda yake zato nauyi. A bakin magudana mata sun daina wanki sun bi shi da ido, kuma kafin a kira la'asar labarin ya kai har ƙauyen da ke bayan namu. Kada a tambaye ni wa ya kai.

A gida ya ɗaga ta wajen ƙusoshin nan, sai ta ƙi zama. Ashe ya kafa su ne da awon idon yaro, ya ba su tazarar bindigar da ta fi wannan tsawo nesa ba kusa ba. Ya tsaya riƙe da ita. Zuwaina ta kawo guduma ba ta ce komai ba, wanda a wurinta babban ƙoƙari ne.

Juma'ar da ta biyo ya je kasuwa. Yana doso rumfar masu bindiga sai wani ya ce, "Ku rufe kaya, ga mai yabo nan." Kowa ya ja mayafi ya lulluɓe tasa. Wani ya ɓoye sandarsa a bayansa, mai gahawa ma ya rungume butarsa. Sulayyim ya tsaya suka gama dariyarsu, ya gaisa da kowa, ya zagaya sau ɗaya. Bai leƙa bakin ko ɗaya ba. Ba kunya ce ta hana shi ba, ya duba ne ya ga babu abin da yake nema. Ya sayi lemun tsami ya hau motar gida tun rana ba ta yi zafi ba.

Bayan 'yan kwanaki Zuwaina ta leƙo zaure da sauri. "Ga Marhun can an sauke shi a mota. Ramuwa ya zo yi. Miƙo Abu Fatila in tura ƙarƙashin gado."

"Bar ta. Ya yabi wadda ya ga dama. Na gaji."

Marhun ya shigo yana dogara sanda biyu, ya zube a kan matashi, ya daɗe yana mayar da numfashi. Ya bi bangon da kallo ɗaya bayan ɗaya. Sulayyim ya zuba gahawa yana jira ya ji wadda za ta tafi.

"Wannan Abu Fatila," Marhun ya ce, "da taɓarya aka haɗa ta?"

"Da ƙafarka aka auna."

Suka kurɓi gahawa. Can Marhun ya ce, "Ka wahalar da ni, ɗan Ubaidu. Tun rasuwar babana nake goge ta. Duk ranar da za ka zo sai in gyara mata zama inda hasken taga zai bugi azurfar, ko Allah zai sa bakinka ya suɓuce. Kai kuma sai ƙofar turke."

"Wa ya kira Darwish?"

"Yara."

"Yaranka ba su san Kanad daga taɓarya ba, ina suka san Darwish?"

Marhun ya ɗauki dabino ya duba shi ta kowane gefe. "Na yi asarar bindigogi masu kyau a hannun ɗan banzan nan. Kada ka ƙara mini da tambaya."

Ya ɗaga kai ya dubi Sam'a a kan sababbin ƙusoshinta, ga ramin tsohuwar ƙusa a gefe ba a toshe ba.

"A karkace ka rataye ta."

"Haka na gan ta a gidanka."

Da Zuwaina ta shigo ɗaukar ƙoƙuna, ta tarar da su duka biyun sun yi barci a zaune, baki a buɗe, gahawa ta huce. Ta dubi bindigar, ta dubi tsofaffin, ta ja musu ƙofa, ta yafa mayafi ta nufi gidan Marhun, don ita da matarsa akwai sauran maganar da ba su ƙarasa ba.