Uwar Ɗan Safa

Abin ya fara ne a zangon karatu na biyu, lokacin da makarantar ta ware darasin ƙarshe na ranar Alhamis domin yara su koyi faɗin abin da ke damun zuciyarsu. Malamar aji huɗu aka ɗora wa aikin. Ta samo tsohuwar safa, ta ɗinka mata maɓallai biyu a gurbin idanu. Yara suka raɗa mata suna Ɗan Safa, bayan wani sarkin surutu ya rantse cewa har yanzu tana warin ƙafar mai ita. Sukan ture bencina gefe su zauna a da'ira, duk wanda safar ta zo hannunsa sai ya ƙara wa labarin jimla ɗaya ko biyu. Ƙa'ida ɗaya malamar ta kafa musu: abin da aka faɗa a da'ira, a da'ira zai tsaya.

A cikinsu akwai 'yar wani tela, yarinyar da ko amsa kiran suna ta yi, sai an sunkuya ake jin ta. Da farko miƙa safar gaba kawai take yi. Wata rana sai ta zura hannu ciki, ta ce uwar Ɗan Safa ta rufe madubin ɗakinta da zane tun da ta haifi jariri kwanan nan, kullum tana kwance fuskarta ga bango. Daga baya ta ƙara cewa Ɗan Safa ne ke goyon jaririn, kuma ko ya ci jarrabawa ba shi da wanda zai nuna wa. Malamar ta yi hamdala ganin bakin yarinyar ya buɗe. Ta gane labarin gidansu yarinyar ke bayarwa, ta ƙudurta za ta nemi ubanta su gana a keɓe, amma ayyukan ƙarshen zango suka sha kanta.

Ana haka shugaban makaranta ya nemi ajin ya shirya wasan kwaikwayo na ranar iyaye. Babu labarin da ya kai na uwar Ɗan Safa taɓa zuciya. Malamar ta shawo kan kanta da cewa ai babu sunan kowa a ciki, labarin safa ne kawai, kuma zai amfani iyaye.

Ranar taron zauren ya cika. Da yarinyar da ke wasan uwar ta lulluɓe madubi ta juya wa mutane baya, wata mata a layi na biyu ta karkata ga maƙwabciyarta.

"Ke, ai wannan matar tela ce."

Ba ta rage murya ba. Kawuna suka juya. Telan na zaune a gefe, daga shago ya taho, har da guntun zare a kafaɗarsa. Bai motsa ba sai da aka gama tafi, sannan ya kama hannun 'yarsa suka fita.

Washegari ya iske malamar a ofishin malamai, ya gaishe ta cikin mutunci.

"Malama, ba faɗa ya kawo ni ba. Matata na ganin likita kan ciwon damuwar da ya kama ta bayan haihuwa, har ta fara samun sauƙi. Ita ta roƙa kada mu gaya wa kowa. Jiya da yamma mata uku suka zo dubiya, ɗayarsu tana tambayata ko ta fara jifan mutane."

Malamar ta ba shi haƙuri. Ya ce shi ya yafe, Allah Ya yafe mana baki ɗaya, amma ba shi kaɗai aka yi wa ba.

Alhamis ta zagayo. Safar ta iso hannun yarinyar, ta miƙa ta gaba ba tare da ta ɗago kai ba. Sauran yaran ma sai labarin ƙwallo da kekuna suka yi ta kawowa. Bayan an tashi malamar ta tsayar da ita, ta durƙusa daidai tsawonta.

"'Yata, na yi miki laifi."

"Malama, ke kika ce a nan zai tsaya."

Daga nan ta nemi izinin tafiya, domin ƙaninta na jiranta a gida. Malamar ta daɗe a ajin tana mayar da bencina ɗaya bayan ɗaya, tana istigfari a ranta.

A bakin ƙofa ta haɗu da shugaban, fuskarsa cike da fara'a, yana tsokanarta da babbar darakta. Ya ce an zaɓi wasan nasu ya shiga gasar makarantu, sai ta fara shirya yara.

Ta bari ya kai ƙarshe, sannan ta ce masa wasan ba zai je gasar ba.