Rigar Roba a Lungun Baba Magaji

Tun ranar da Jalalu ya dawo Yelwa daga Abuja da akwatin kayan aiki a kai, bangon gidan Innarsa bai ƙara samun sakat ba. In ya zo wucewa sai ya ƙwanƙwasa shi, ya girgiza kai kamar likita ya ga majinyaci. Ginin ƙasa ne tun na kakanni, kowace damina sai ya zubar da fata, kowane rani sai Inna Hafsatu ta nemo masu yaɓe.

Shi kuwa gogan naka sana'ar sa wa gidaje rigar roba ya koyo. A kafa siraran katako a jikin bango, a jera fallayen roba a kai, gida ya fito fes kamar ango ranar ɗaurin aure. Matsalar ɗaya ce, duk faɗin Yelwa ba wanda ya yarda a fara da gidansa. Kowa sai ya ce, "Bari dai mu gani a wani wuri." To ina wani wurin in ba gidan uwarka ba? In na Inna ya yi kyau, aiki ya samu. In ya ɓaci, sai dai ya koma Abuja riƙe wa oga tsani.

"Inna, wallahi in na gama har daga Shanga za a riƙa zuwa kallo."

"Su zo su kalli mi? Gida cikin bokiti?" in ji Inna. "Ni dai kada ka jawo mani jan fenti a ƙofa, ina zaman zamana."

Tsoron jan fentin nan da hukuma ke shafa wa ginin da za a rushe ne ya kai shi ofishin masu tsara gari. Can ya tarar da Malama Shamsiyya, wata mai tabarau da ba a gane fushinta balle murnarta. Ta zayyana masa ƙa'ida tiryan-tiryan. Tsohon gida sai an zo an duba bango, kada a lulluɓe tsaga da roba ta faɗo wa mutane. Gaban gida ba damuwa tunda akwai fili. Amma gefen da ke kallon lungu, sai wanda ke bi ta lungun ya sa hannu, domin bango zai ƙara kauri.

"Haba Hajiya, yatsa uku ne fa! Ko akuya ba za ta lura ba."

"Ba akuya za ta sa hannu ba," in ji ta. "In na zo na tarar ka taɓa lungu babu izini, har na gaban sai ka kwance."

Ta zo ta duba bango, ta ba shi izinin gaba. Saura lungu. Lungun kuwa can ƙuryarsa gidan Baba Magaji ne, kafintan jirgin ruwa. A tsakar gidansa yake haɗa jiragen katako, in ya gama a turo su ta lungun zuwa bakin ruwa. Aminin kakan Jalalu ne, don haka tun Jalalu na yawo ba wando suke wasan jika da kaka. Ba su taɓa yin maganar kirki ta minti ɗaya ba.

"Tsoho mai ran ƙarfe, hannu za ka sa mani," in ji Jalalu da shigarsa gidan.

Baba Magaji bai ɗago daga katakon da yake gogewa ba. "Ɗan Abuja, in ka sa abin ga a lungu, jirgina ba shi wucewa."

"Kai dai faɗi gaskiya, kishi kake gidanmu zai fi naka kyau."

"Na gaya maka ba shi wucewa."

"To yaushe za ka sa hannun?"

"Ran da ka yi aure."

Jalalu ya fito yana ƙyalƙyala dariya. Wannan tsoho da ya taɓa rantse masa cewa akwai kifi mai gemu da carbi a tafkin Kainji, yau shi za a ɗauki maganarsa da gaske? Ai tsokana ce. In ya ga aiki ya yi kyau, da kansa zai nemi biro.

Aka yi sa'a, ko kuwa rashin sa'a, Baba Magaji ya tafi Wara gyaran wani jirgi. Jalalu ya gama gaba, ya tsaya ya kalli fara tas ɗin robar nan, ya kalli gefen lungu tsirara, ransa ya ƙi. Ya sha kwana da katako da ƙusa, ya lulluɓe lungun tun daga baki har ƙurya. Ya kuma aika wa Malama Shamsiyya cewa ta zo ran Asabar ta ga gaba. Lungu kuwa ya shirya zai tsaya ya tare shi da faɗin bayansa da daɗin bakinsa.

Asabar ɗin ce kuma Alhaji Idi, mai jigilar shinkafa daga Shanga, ya zo ɗaukar sabon jirginsa. Baba Magaji ya dawo da safe, ya bi lungun yana shafa roba da tafin hannu, ya ce, "Ikon Allah." Sannan ya ƙwala kira.

"Ɗan Abuja! Zo kama igiya, tunda kai ka san faɗin lungu."

Aka jera gumagumai a ƙasa, aka ɗora jirgi, majiya ƙarfi na turi ta baya, su Jalalu na ja ta gaba. Hancin jirgi ya shigo lafiya lau. Jalalu har ya fara waige yana ɗaga wa tsoho gira. Da cikin jirgin ya iso, sai aka ji ƙiiiƙ! Roba ta lotsa, jirgi ya cije. A ja, ya ƙi. A tura, ya ƙi. Alhaji Idi da ke can baya ya rasa ta inda zai fito, sai salati yake yi yana tambayar ko katakon ya tsage.

Baba Magaji ya ɗauko wata tsohuwar gora da ta sha hannu har tana sheƙi, ya nuna wa jama'a. "Kun ga wagga? Faɗin lungun ga ne, ubana ya yanke ta. Da ita muke auna cikin kowane jirgi. Kowa babban jirgi yake so, to mukan cika ta, mu bar yatsa biyu don albarka. Yaron ga ya cinye ukku."

Dariya ta ɓarke. Ana cikinta sai ga babur ya tsaya, Malama Shamsiyya ta sauko da gwangwanin jan fenti a leda. Ta dubi gaban gida, ta dubi jirgi tsaye a lungu kamar ƙashi a maƙogwaro. Inna ta leƙo daga zaure, ta ga gwangwani, ta ce, "Na shiga ukku," ta koma.

"Baba, ka sa masa hannu?" in ji Malama Shamsiyya.

Jalalu, mai bakin da ba ya mutuwa, yau sai ido yake yi wa tsoho kamar ɗan akuya a hannun mahauci.

"Ban sa ba, ɗiyata," in ji Baba Magaji. Ya bari sai da zufa ta gama wanke wa Jalalu fuska. "Amma ya tambaya, na kuma gaya mashi gaskiya. Sai dai shekara da shekaru ina yi mashi ƙarya, ran da na faɗi gaskiya bai gane ta ba. Ki bar mashi gaban. Lungun shi kwance da hannunshi, ni kuwa a kawo mani kujera."

Malama Shamsiyya ta gyara tabarau. "Abin da doka ke so lungu ya koma yadda yake. Murfin gwangwanin nan yana da tauri, yakan ɗauke ni lokaci kafin in buɗe."

Ba a taɓa ganin aiki da sauri irin na ranar ba. Aka ja jirgi baya da kyar, Jalalu ya hau kwance falle bayan falle, Baba Magaji na zaune yana ba da umarni. "A hankali, ɗan Abuja, kada ka ji wa bangon Innarka ciwo." Kafin azahar jirgi ya wuce sumul, gwangwani ya koma leda ba a buɗe ba.

Jalalu na zaune kan tulin robarsa yana haki, sai ga Alhaji Idi ya dawo daga bakin ruwa. Ya ɗauki falle ɗaya, ya lanƙwasa, ya sake shi ya miƙe.

"Samari, abin ga da ya tsai da jirgina da ƙarti goma bai karye ba, ruwan sama na cin shi?"

Nan take bakin Jalalu ya farfaɗo. "Ruwa? Alhaji, ko tafkin nan ka juye masa sai dai ya yi wanka!"

"Ina da shago a Shanga, damina na cinye mani bango. Yaushe za ka zo?"

Jalalu ya miƙe zumbur, har ya buɗe baki zai ce gobe. Sai ya hango Baba Magaji na kallonsa daga kan kujera. Ya rage murya.

"Alhaji, tsakaninka da Allah, shagon nan akwai lungu a gefensa?"