Turakun Gola Sun Yi Ganye

Da iska ta karya reshen cediyar bayan garejinmu, ba mu bari ya tafi murhu ba. Muka raba shi biyu, muka kafa turakun gola a filin da muke taka leda in an tashi aiki. Damina na sauka sai ga turaku sun fid da ganye! Kafin 'yan shekaru sun yi kauri kamar ganga, rassansu sun rungume juna ta sama, gola ta tsuke har abin ya zama abin kallo.

Wa ya ci riba? Kawu Mai Faci, mai tsaron gidanmu, ga tumbi ga ciwon gwiwa, amma ba a cin sa. Samarin gareji suka fara ƙus-ƙus wai cediya ce ke kamawa, a sauke tsoho. Maganar ta ci masa rai, don wasan nan ne kaɗai abin da ya rage masa na ƙuruciya.

Ranar karawa da teloli aka ɗauko alƙalin wasa na gaske, har da usur. Mu kuwa ba mu san wani canjin gida ba, inda ka tsaya nan kake har rana ta faɗi. Ana dawowa hutu alƙali ya nuna wa Kawu ɗaya golar, ta bututun ƙarfe, wangamemiya.

"Can kuma?" in ji Kawu. "Ranka ya daɗe, ni fa nan ne gidana!"

"Doka ce, Baba."

"Kawu, ko in karɓe ka?" in ji wani bakanike.

"Rufe min baki, ɗan nema!"

Golan teloli ya shige inuwar cediya, har da jingina. Ci ɗaya tal muke da shi, su ba ko ɗaya. Saura ƙiris a tashi sai ga fanareti a kanmu. Babban tela ya ja da baya, ya zo ya ɗirka.

Wallahi Kawu tashi ya yi sama! Mutumin da sai an ba shi hannu yake miƙewa daga benci. Ya tare tamaular da ƙirji, ya faɗi a kanta tim. Muka ɓarke da ihu, muka yi kansa za mu ɗaga shi.

"Kada wanda ya taɓa ni," in ji shi, yana kwance yana dariya, hawaye na bin kumatunsa. "A kira yaran nan masu cewa cediya ce ke kamawa, su zo su gan ni tukuna."