Watan Ɗaya a Ɗakin Kifin Dogo

Bargon ne ya fara shiga motar, sannan Hawa'u, sannan mijinta Isufu, yana jan ƙafar hagu yana yi kamar ba janta yake ba. Watan huɗu ne, hantsi ya ɗaga, kuma a tashar Malbaza ko awaki sun shige ƙarƙashin manyan motocin siminti sun yi lamo. Mutanen cikin motar suka dubi bargon, jibgege mai zanen damisa, suka dubi juna.

"Inna, lahiya dai?" in ji wata mata mai kwandon tumatir a cinya. "Masassara ta?"

"Lahiya lau," in ji Hawa'u. "Ƙonni za mu, mu ɗan sha sanyi."

Direba ya yi dariya har da bugun sitiyari. Isufu ko kallonsu bai yi ba. Ya gyara hularsa, ya kafa ido a kan hanya kamar ba da matarsa ake ba.

Maganar kuwa ta 'yarsu ce, Raihanatu. Shekara huɗu ke nan tana aikin jinya a wani jirgin ruwa mai ɗaukar masu yawon buɗe ido, yana bin gaɓar ƙasar Norway har can ƙarshen arewa, ya juyo. Bana aka ba ta dama ta kawo iyayenta su yi zagaye ɗaya tare da ita. Sai dai dole ta rubuta watan da za su zo, don neman biza ba abin kwana biyu ba ne, kuma gobe da safe za ta miƙa takardar. Ta aiko da bayani dalla-dalla ta waya. A watan bakwai, ta ce, sanyin bai fi na asubar Malbaza a lokacin ɗari ba, duwatsu sun yi kore, rana ba ta ma faɗuwa. A watan ɗaya kuwa ƙanƙara ce ko'ina, da duhu, sai wani koren haske da kan fito a sama in an yi sa'a. "Ku zaɓi watan bakwai," ta ce, "shi kowa ke zaɓa."

Kowa, ban da Isufu. Shi tun ranar ya ce watan ɗaya, ya kuma kafe. In an tambaye shi dalili sai ya ce shekara talatin da ɗaya ya yi gaban wutar gasa siminti, zafin da ya tara a jiki ya ishe shi narkar da ƙanƙarar Turawa. In an matsa, ya ce watan bakwai lokacin noma ne. Wane noma! Gonar da ɗan ƙanensa ke nomawa tun da gwiwar nan ta fara ciwo, shi iyakarsa ya je ya tsaya a bakin kunya yana ba da umarni.

Hawa'u ta san gwiwar nan fiye da mai ita. Ita ke narka man kaɗe ta shafa mata duk sanyin hunturu, ita ke jin nishinsa in zai tashi daga sujada. Tsoro take ji, tsoro na gaske, kada girman kai ya kai mata miji ƙasar ƙanƙara da ƙafafunsa, a dawo mata da shi a kan keken guragu. Ta yi lallashi, ta yi fushi, ta haɗa shi da liman, duk a banza. Sai ta tuna da ƙanenta Dogo, mai sayar da daskararren kifi a Birnin Ƙonni.

Sun same shi a ƙofar shago, hula a ƙeya, injin wuta na ta ƙugi a bayansa. Dogo ya kai hamsin, amma da ya ga mijin yayarsa sai ya koma yaro.

"A'a! Ga Bature ya iso! Sannu da zuwa, mai narkad da ƙanƙara. Yaya, wanga bargo naki na ko na jarumin?"

"Na wanda ya hwara kuka na," in ji Hawa'u.

"To ki riƙe abinki," in ji Isufu. "Kai kuma buɗe muna, ka rage surutu. Kihi ma da kaka saidawa bakinshi buɗe yake, amma ba ya magana."

Ɗaki biyu ne da Dogo, ɗaya cikin ɗaya. Na farko nan yake ajiye lemo da nono da karas na masu sari. Na ciki, mai ƙofar ƙarfe mai kauri, nan kifi da kaji suke. Tun jiya da ta kira shi suka shirya da Hawa'u: na farko shi ne watan bakwai, na ciki watan ɗaya. Raihanatu dai ta ce sanyin gaɓar teku a watan ɗaya yakan kai kamar digiri biyar ƙasa da sifili; abin da ba a gaya wa Isufu ba shi ne, ɗakin ciki na Dogo sha takwas ne cif. Hawa'u ta san ha'inci ne. Ta dai yanke wa kanta hukunci cewa ha'incin da zai ceci gwiwa, Allah zai duba shi da sauƙi.

Suka shiga watan bakwai. Wani sanyi mai daɗi ya ratsa gumin da ke bayanta, har ta ji kamar ta shimfiɗa bargon ta kwanta.

"Ka ji ko, Malam? Wanga shi na watan bakwai. Mi ya hi wanga daɗi?"

"Daɗi kam akwai," in ji Isufu. "Mu tahi gaba."

Dogo ya ja ƙofar ƙarfen da hannu biyu, wani farin hayaƙi ya kwararo ƙasa ya lulluɓe musu ƙafafu. "Minti biyar na ba ku, kar ku narka mini kaya. Wanda ya ji wuya shi bugi ƙohwa. Baba Isufu, in ka daskare, kilo-kilo zan saida ka."

Ƙofar ta rufe. Ƙwai ɗaya ne na lantarki a sama, kwalayen kifi an jera su har rufi, kowanne da farin gashin ƙanƙara. Hawa'u ta ji sanyin ya fara kama ta ta hanci, ya bi haƙora, ya sauka cikin kunnuwa. Ta ƙudundune cikin bargo har ido. Ashe ita ma ba ta san abin da ta haɗa ba.

Isufu ya tsaya ƙiƙam cikin 'yar shararsa, hannu a baya, kamar yana duba aikin yara a masana'anta. Minti ɗaya ya yi a haka. A na biyu gemunsa ya fara rawa. A na uku gwiwar ta ce ba da ita ba, ya lallaɓa ya zauna a kan kwalin kifi, yana miƙe ƙafar a hankali.

Hawa'u ta ji tausayi da murna sun taso mata tare.

"To, Malam, ka gani da idonka. Minti ukku ke nan. Can kwana goma sha ɗaya za ka yi. Ka ce watan bakwai mu hita, ba wanda zai ji. Ko Dogo sai in ce mishi ni na kasa."

"Kulu," ya ce, haƙoransa na haɗuwa. Shi kaɗai ke kiranta da wannan suna. "Kin yi dabara, amma rabin watan ɗaya kinka kawo. Kin mance rabi."

Ya miƙa hannu jikin bango ya kashe wutar.

Duhu ya rufe su ruf, irin wanda mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Ba abin da ake ji sai gurnanin injin sanyi. Hawa'u ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta ga hasken wayarsa ya haska gemunsa. Ya daɗe yana nema, sannan muryar Raihanatu ta fito, a hankali, ba irin muryar da ta yi musu bayanin watanni ba.

"Baba, ina wuni. Ba komi, gaisuwa ce dai. Yau kwana arba'in ban ga rana ba. Ƙarfe goma sha biyu na rana yanzu, amma fitilu ne ko'ina. Baba, in ka fita gobe, don Allah ɗauko mini hoton rana ka aiko. Ko ta bisa masana'anta ce. Mi Inna ta dafa yau? Zakaran gidan Ladi yana nan yana tashin mutane?"

Ya tsayar da ita.

Hawa'u ta tuna da saƙon. Tana tankaɗe ya sa mata shi a bara, ta yi dariya ta karɓi wayar ta ce, rana kam ga ta nan ta ishe mu, zo ki kwasa. Ta ɗauka wasa ne irin na Raihanatu. Yanzu da ta ji shi cikin duhun nan, da sanyi na cin yatsunta, sai ta ji abin da ke ƙarƙashin muryar, kunya ta kama ta har wuya.

"Duk na aje su," in ji Isufu. "Ki duba na watan bakwai. Gaisuwa ɗai, tana dariya, tsuntsaye na kuka bayanta, tac ce aiki ya yi yawa sai an jima. Na watan ɗaya kuwa minti huɗu, minti biyar, tana tambayar miya, tana tambayar zakara. Shekara huɗu haka. Watan bakwai tana da rana, Kulu, ba ta bukatarmu. Ni ba duwatsu za ni gani ba."

"Amma ita tac ce mu zo watan bakwai."

"Ɗiyarki ta. Gwiwata taka dubi, kamar ke."

"To mi ya hana ka hwaɗa mini tun hwarko? Ka bar ni ina ta haɗa ka da liman?"

Ya murza gwiwar da tafin hannu. "Ke kinka yi dariya rannan. Ban so ki ji ba daɗi."

Hawa'u ta lalubo shi cikin duhu, ta buɗe bargon ta rufa masa rabi. Kafaɗarsa ta yi sanyi kamar randa. Wannan karon bai ce ta riƙe abinta ba, har ma ya ja gefen ya rufe gwiwar. Suka zauna haka kan kwalin kifi, tsoho da tsohuwa, har sai da ta ji hawayen da ya zubo mata yana neman daskarewa a kumatu. Sannan ta tashi ta dunƙule hannu ta bugi ƙofa.

Zafin Ƙonni ya karɓe su kamar an buɗe tukunya. Dogo ya zaunar da Isufu kan benci a tsakiyar rana, ya miƙa masa shayi mai zafi, yana ta washe baki don ya ga aiki ya yi kyau.

"To, Bature, yaya ƙasar taku? Watan bakwai ko? Yaya, in ce an gama?"

Isufu ya kurɓi shayi sau biyu kafin bakinsa ya dawo nasa. "Dogo, agogon awon sanyin nan da ke jikin ƙohwarka, wanda ka rataya wa tsumma."

Dariyar Dogo ta tsaya.

"Shekara talatin da ɗaya ina karatun awon zahi, sai ka ɓoye mini shi da tsumma? Na ɗaga tsumman, sha takwas na gani. Yarinya biyar tac ce. Sha ukkun da anka ƙara mini, kyautarka ta ko ta yayarka?"

Dogo ya nuna Hawa'u da baki, Hawa'u ta nuna Dogo da hannu, sai duk suka fashe da dariya, har mai gyaran babur na kusa ya leƙo yana tambayar abin da ya faru.

"Ba ni wayar," in ji Hawa'u.

Ta danna, ta kai bakinta kusa kamar yadda ta saba, ta ɗaga murya kamar Norway ɗin a bayan kasuwa take. "Raihanatu, Innarki ta. Ki rubuta watan ɗaya. Kar ki ce mini gwiwa, gwiwa aikina ta, da man kaɗena zan zo. Mun gwada sanyinku nan wurin kawunki, har da ƙari, ba mu mutu ba. Ki rubuta watan ɗaya, kin ji ko."

Ta aika. Ta juya wurin Dogo ta ce duk Laraba za su zo su yi minti biyar, a saba tun yanzu, kuma ya nemo musu mai gwanjon da ke da riguna masu kauri, irin waɗanda ba mai saye. Dogo ya ce a watan huɗu in ya je neman rigar sanyi, sai an ɗaure shi an kai asibiti.

Wayar ta nuna Raihanatu ta ji saƙon. Ta nuna tana ɗaukar murya, ta daina. Ta sake farawa, ta sake dainawa. Isufu ya bar shayinsa yana kallo. Can sai saƙon ya shigo, ɗan guntu. Hawa'u ta danna. Ba a ji komai ba sai jan hanci, da wata 'yar dariya mai rawa, sannan, "To, Inna."

Isufu ya sunkuyar da kai yana gyara bargon a kan gwiwarsa, ko da yake gumi ya riga ya fara keto masa. Hawa'u ta fita daga inuwar rumfa, ta ɗaga wayar sama, ta runtse ido ɗaya, ta ɗauki hoton ranar Ƙonni. Rabin hoton babban yatsanta ne. Ta aika a haka.