Muryata a Cikin Akwati

Likita ya leƙa maƙogwarona da 'yar fitila, ya ce in rufe bakina na wasu makonni, in ba haka ba muryar za ta tafi gaba ɗaya. Na dube shi kawai. Ni da ba ni da wata sana'a sai magana.

Turanci nake koyarwa a wata ƙaramar makarantar kuɗi, aji huɗu, kuma zangon nan na sarrafa aikatau ne, wato yadda kalma ke sauyawa in abu ya wuce, ko yana faruwa, ko zai zo. In ce "I walk," yara su maimaita. In ce "I walked," su maimaita. "I will walk." Shekara da shekaru muna wannan tafiya ni da 'ya'yan mutane, ko bakin ƙofa ba mu kai ba. Na gaji da ita har cikin ƙashina, amma ita ke riƙe da gidanmu.

Tsorona mai makarantar ne. Mutum ne mai fara'a wanda ba ya ajiye wa kowa kujera. Wata malama ta tafi haihuwa, ta dawo ta tarar da wata tana goge allonta. Da na faɗa wa ƙanwata damuwata, sai ta ce, "Yaya, ki ɗauki darasin a waya mana, a riƙa sa musu. Kin ga ajin yana hannunki ko kina kwance."

Wallahi na ga hikimar. Muka rufe tagogi saboda hayaniyar mai gyaran babur, muka kashe fanka saboda ƙararta, na zauna a bakin gado ina zufa ina matso sauran muryar da ta rage min. In faɗi jimla, in bar wa yara wurin amsawa, in faɗi ta gaba. Walk, cook, wash, open, duk masu sauƙin nan da ake liƙa wa wutsiya iri ɗaya, wato "-ed". Malamin lissafi ya karɓa, ya sa a akwatin sifikar da ake taron safe da shi. Ni kuwa na koma gida ina shan ruwan ɗumi, ina magana da hannu.

Ranar da na dawo, mai makarantar ya miƙe ya ba ni kujera, har da tambayar mutanen gida. Nan na san akwai magana, don bai taɓa yi min haka ba.

"Malama, aikin nan naki ya yi kyau ƙwarai," ya ce. "Iyaye suna ta yabo. Har aji uku da biyar na sa ana kai wa akwatin. Duk malamin da ba shi da darasi sai ya zauna ya danna, shi ke nan."

"To, ga ni na dawo, Yallabai."

Ya yi ta juya biro a hannu. "Kin san yadda abubuwa suke. Amma ba zan zalunce ki ba. Shiga ki yi darasin yau da kanki, zan tsaya a taga. In yaran sun fi bin ki, ajinki ne."

Ji wani adalci don Allah, ni da muryata za a gwada a ga wa ya fi.

Na shiga. Akwatin yana kan teburina, an ma yi masa shimfiɗa da ɗan ƙyalle. Yara suka gaishe ni, na tura shi gefe, na ɗauki alli. Muryar ta fito a shaƙe, kamar ana jan buhu a kan siminti.

"She cooks."

Suka ɗan jira kafin su amsa, wasu gaba wasu baya.

"She cooked."

Suka maimaita, sannan duk ajin ya yi tari sau ɗaya, a tare, ba wanda ya yi dariya. Na tsaya da allin a hannu. Ashe a daidai wurin na yi tari ranar da muke ɗauka, su kuma suka haddace har da shi. Na ji kunya, na ji tausayinsu, na kuma ji haushin kaina da na ƙanwata da mai gyaran babur ma da bai san hawa ba.

Na daure na ci gaba. Na sauya misali don su farka, na ce su yi min da "help". Suka kalli juna. Maƙogwarona ya soma zafi kamar na haɗiyi garwashi. Ta gefen ido ina ganin inuwar mai makarantar a taga.

Doguwa, yarinyar da ke zama a gaba, wadda ni na koya mata riƙe fensir, ta ɗaga hannu cikin ladabi.

"Malama, ba haka Anti take yi ba. Bayan cook sai wash."

"Wace Anti?"

Ta nuna akwatin.

Na buɗe baki in ce mata ai ni ce, sai iska kawai ta fito. Na sake gwadawa, haka. Yara sun zuba min ido suna jira, ga jarrabawa ta kusa, lokacin darasi kuma yana tafiya a banza. Na jawo akwatin, na danna. Muryar ta cika ajin, suka amsa mata gaba ɗaya da ƙarfinsu, har da kaɗa kai.

Na ajiye allin a gefen allo, na kakkaɓe hannuna, na ɗauki jakata. Ba wanda ya juyo da na fita.