Guɗar Lujain

Hajiya Hure ba ta san kan besbol ba, ba ta kuma ga dalilin da ƙato kamar ɗanta Abdulilah zai tafi har Jidda don ya maki ƙwallo da kulki ya ruga a guje ba. Amma tunda ƙungiyarsu ke wasa, duk Juma'a bayan la'asar sai ta jingina waya da butar shayi a falonsu na unguwar Utaibiyya, jikokinta biyu su kewaye ta su kalli wasan.

Bakin yaran ne ke ci mata tuwo a ƙwarya. Lujain mai shekara shida da ƙanenta ko "sannu" ba sa yi da Hausa, sai Larabci: "Yalla Baba, yalla!" Ita kuwa da guɗarta aka kai rabin amaren unguwar nan ɗaki, kafin tari ya cinye mata murya.

Ran nan Abdulilah ya maki ƙwallo har ta tsallake shinge. Hure ta yunƙura za ta yi guɗa, maƙogwaro ya ƙi. Sai ta ji an yi a gefenta. Lujain ce tsaye kan kujera. Ba ta rufe baki da tafi irin na matan Hijaz ba, hanci ta kama da yatsu biyu ta rangaɗa ta Kano tsantsa.

"Ke, wa ya koya miki?"

"Ke mana, Sitti," in ji yarinyar da Larabci, yadda suke kiran kaka. "A bidiyon bikin Mama."

Hure ta share ido da gefen mayafi. "Sake yi. Buɗe taga tukuna, maƙwabta su ji."