Kason Linda a Naman Layya

…kuma ko Sabo ya so ko ya ƙi, naman nan sai ya shiga gidan Linda. Furera ta rantse. Taku ashirin ne daga ƙofarta zuwa ta maƙwabciyar, ga ta tana tafe, kwano a hannu.

Shekara tara a unguwar Annandale ta Amurka, kowace Babbar Sallah kason Linda ake fara fitarwa, bana kuma maigida Sabo ya ce a tsallake ta? Wai 'yar China ce. Wai su suka kawo cutar korona, wai 'yan leƙen asiri ne, wai suna saye gonakin ƙasar… Wai, wai! Duk daga bakin mutumin nan na talabijin, wanda Sabo ke zama gabansa da ya dawo daga asibiti kamar mai ɗaukar karatu. Sabo fa, likita guda! Tashar da jiya-jiya ta gama kiran Musulmi 'yan ta'adda — har ya manta? Lokacin shi ya fi kowa kumfar baki. Yau bulala ta koma bayan wani, shi ne har da gyaɗa kai.

"Ni dai na ce a yi hattara da su, Furera."

Hattara! Da korona ta kwantar da ita, sati biyu numfashi da ƙyar, wa ke ajiye romon kaza a bakin ƙofa? Wa ta zaga gari neman kazar halal? Linda. Linda da aka haifa a Baltimore, ko hanyar China ba ta sani ba… A'a, ita Furera kam ba a wanke mata ƙwaƙwalwa. Wucewa kawai take yi ta falon, ko kallon akwatin ba ta yi.

Tana danna ƙararrawa. Ga takun Linda daga ciki. Idonta na sauka kan abin da ke hannunta —

Roba. Kwanon roba, na ci-ka-yar.

Sauran maƙwabta fa? Pauline a tangaran aka kai mata, Jerome a samira mai murfi. Kwanon zumunci zuwa yake ya dawo da ɗan abu a ciki; bara na Linda ya dawo cike da kek. To bana wa ya zaɓo wanda ba zai sake shiga kicin ɗinta ba? Sabo bai leƙa kicin ba yau. Hannun nan ne. Nata.

Tun yaushe…? Ta koma ta sake kwano?

Ƙofar na buɗewa.